Sulhu da Bedi

Shekara goma sha tara ke nan
ina kafa teburina a gindinki,
daura da ƙofar meri ta Tawa,
da bik biyu da ɗaurin takarda.
Ba ki taɓa tambaya ta haya ba.

Amma da bazara ta kankama,
kwalta ta fara manne wa takalmi,
sai ki yi fari fat da fure,
ki cika titi da ƙamshin da kowa ke yabo,
ni kuwa hancina ya zama randa mai tsaga.

Atishawa bakwai a jere,
na ƙirga, wata rana tara.
Mai shayi ya gaji da yarhamukallahu,
yanzu hannu kawai yake ɗaga mini.

Ran wata Talata Inna Tsahara ta zo
in rubuta wa ɗanta da ke Agadas.
Tana faɗi ina rubutawa,
hawaye na ɗiga a kan tawada.
Ta tsaya, ta dube ni, ta ce,
Malam Tankari, ashe kai ma ka san zafin ɗa.
Ban iya ce mata furen itace ne ba.
Ta ƙara mini dala ashirin a kan lada.

Na sha citta, na sha kanumfari,
na sayi kafso wurin yaro mai tire,
ja da rawaya, har kati uku.
Cikina ya ɓaci, hancin na nan yadda yake.
Wani ya ce sanyi ne.
Sanyi, a watan da ƙadangare ke neman inuwa?

Majo Rabe ce ta warware mini.
Ta leƙa ido, ta leƙa maƙogwaro,
ta ce ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, majina kamar ruwa,
kuma duk shekara da lokacinta.
Wannan ba mura ba ce.
Jikinka ne ya ga baƙo ya zaci ɓarawo,
yake ta kururuwa a kan garin fure.

Ta ce in rufe hanci da safe,
lokacin da iska ke kaɗa ki.
In na koma gida, riga ta tsaya a waje,
in wanke fuska da gemu kafin in kwanta,
in shaƙa ruwan da aka tafasa ya huce
da ɗan gishiri, abin da yatsu biyu suka tsinka.
Ido kuwa kar in murza,
ko da ƙaiƙayin ya kai ni bango,
tsumma mai sanyi ya ishe shi.
Ta rubuta ƙwaya ɗaya, daga farmasi,
ta ce da dare, don takan kawo barci,
kar in rubuta wa mutane shirme.
Sai ta riƙe hannuna:
ran da ƙirji ya fara busa kamar sarewa,
ko leɓe ya kumbura,
bar teburin, bar kuɗin, ka zo.

Ƙanena ya ce a kira mai gatari.
Na daga kai na dube ki.
Wa zai tare mini ranar azahar?
Ina tsofaffin nan za su zauna jiran sa hannu?

To ga sharaɗina, bedi.
Sati shida naki ne, yi furenki.
Zan ja teburin zuwa jikin katanga,
inda iska ke wucewa ta bayana,
in sa tabarau, in ɗaure hanci kamar mai fashi.
Ran da hadarin farko ya taso daga gabas
ya wanke ki, ya kwantar da garin,
zan dawo gindinki da kujerata.

Yau ma ga fure ɗaya a kan tambur.
Na ɗauke shi da bakin bik, a hankali,
ban hura ba.